Zafin Taya a Tseren Formula 1

A tseren motoci na Formula 1, zafin taya shi ne ke sa roba ta kama kwalta. Tayar da ake sawa idan hanya ta bushe sumul take, ba ta da zane, kuma tana riƙe hanya sosai ne idan zafinta ya kai wajen digiri 100 na Salshiyas. In ta yi sanyi, sai ta sandare mota ta riƙa santsi a kwana. In zafi ya yi yawa, robar ta kumbura ta ɓare. Gudun sanyi ne ya sa ake naɗe tayoyin da bargon lantarki kafin a ɗaura su, direbobi kuma su riƙa karkaɗa mota hagu da dama kafin a tashi.

Tun 2011 kamfanin Pirelli na Italiya kaɗai ke samar da tayoyin. Taya mai jan layi ta fi laushi da riƙo, amma tana saurin cinyewa. Mai farin layi ta fi juriya.

Tayar motar haya da ke bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ba haka aka ƙera ta ba. Zafin bazara da lodi fiye da kima ne ke fasa ta.