Buluzon ɗin matuƙa jirgi: daga filin jirgin Kano zuwa dilar bosho



Hunturu ya kankama, masu bosho sun kwance dilolin kayan sanyi, kuma kamar kowace shekara rigar da samari ke rububi ita ce gajeruwar rigar fatar nan mai saƙa a ƙugu da wuyan hannu, wadda muke kira buluzon, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce jaket. Amma akwai kukan da ake yawan ji daga ƴan kokowa, maƙera, masu ɗaga ƙarfe da duk wanda Allah ya ba faffaɗan ƙirji da siririn ƙugu. In rigar ta shiga kafaɗa, sai ciki ya yi lafceciyar jaka. In ta zauna a ƙugu, to hannu ba ya ɗaguwa, mutum ya kama kan moto ya ji kamar an ɗaure shi ta baya. Kuɗi sun tafi, riga ta koma ta ƙane. Maganin wannan yana cikin tarihin rigar, don ba a ɗinka ta domin kwalliya ba.

Jiragen farko ba su da rufi. Matuƙi yana zaune ne iska na dukansa, kamar ɗan kabu-kabu a hanyar Dungas da asuba, sai dai shi a sama yake inda sanyi ya ninka. Irin waɗannan jirage ne guda uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba 1925. Matuƙan wancan zamani dogayen riguna na fata suke sawa, amma doguwar riga tana naɗewa a kujera, tana kama sitiyari. Sai aka riƙa gajarta ta. A 1927 sojan Amurka suka fito da samfurin da suka kira A-1, mai maɓallai, sannan a 1931 suka kawo A-2, mai zip, wadda ita ce uwar mafi yawan buluzon da kuke gani a kasuwa yau.

Ku dubi A-2 da kyau. Tsawonta bai wuce bel ba, saboda mai ita a zaune yake. Saƙar ƙugu da ta wuyan hannu don hana iska shiga ne. Aljihu biyu ne a gaba masu murfi, kuma ta asali ba ta da aljihun gefe na ɗumama hannu, don a wajen soja zura hannu a aljihu rashin ladabi ne. Bayanta fata ce guda, babu tsaga, babu ninki. Da fatar doki aka fara yin ta, daga baya aka haɗa da ta akuya. Kuma an yanka ta a matse, daidai jikin samarin da suka tashi cikin talaucin shekarun 1930, ba daidai jikin wanda ya yi shekara biyar yana kokowa ba.

Sojan ruwan Amurka su ma suna da nasu matuƙan, kuma ba su bi wannan yanka ba. Tasu rigar, wadda aka raɗa wa suna G-1 a 1947 ko da yake an yi yaƙin duniya na biyu da magabatanta, da fatar akuya ake yin ta, da gashin tunkiya a wuya. Babban bambancin yana baya: akwai ninki biyu a bayan kafaɗu da ke buɗewa in mutum ya miƙa hannu gaba, akwai ƙarin ƙyalle a hammata, sannan da rabin ɗamara a ƙugu da ke tattare rigar. Kun ga ke nan, faɗi a sama, matsi a ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kada wani ya ɗauka wannan labari ne na nesa. A lokacin yaƙin Hitila, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Can ake haɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Injamena ta yau, su ratsa Sudan zuwa Alƙahira. An fara a watan Satumba 1940, kuma jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle tun watan Agusta 1940. Mu kuwa Nijar muna hannun gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942, shi ya sa jiragen suka riƙa bi ta kudu da mu. A 1941 kamfanin Pan American ya shigo aikin, Amurkawa suka yawaita a Kano. Wato lokacin da kakanninmu ke satar hanya da dare su ƙetare iyaka neman gishiri da yadi, masu irin wannan riga na sauka suna tashi a tafiyar ƴan kwanaki a ƙafa daga nan.

Wajen 1943 sojan saman Amurka suka daina yin odar A-2, suka koma ta yadi, daga baya ta nailan da ake kira MA-1, mai launin lemo a ciki. Jirage sun sami rufi, fata ta yi nauyi da tsada. Silima ce ta raya ta. Wanda ya zauna aji a lise ya ji labarin samarin Faransa da aka yi wa laƙabi da blousons noirs a 1959. Sai fim ɗin Top Gun na 1986, inda Tom Cruise ya sa G-1 cike da tambura, duniya ta rikice, har sojan saman Amurka suka dawo da A-2 a ƙarshen shekarun 1980, wannan karon da fatar akuya. Daga nan masana'antu suka yi ta kwaikwayo, mai kyau da marar kyau, Turawa suka sa suka gaji, aka ɗaure a dila zuwa Kwatano da Lome, ta hau kamyo ta iso mana. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta ƙara tsawo, kuma kowa ya ji a aljihunsa.

To ga inda abin ke ba ni haushi. A ce ɗan ƙasar Damagaram ne za a sayar wa leda da sunan fata! Tun kafin Bature ya san jirgi, fatun jajayen awaki na Sakkwato, Katsina da Kano suna ratsa Damagaram da Agadas a kan raƙuma zuwa Gat, Gadamas da Tarabulus, Turai ta saya tana kiransu fatar Maroko. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da kayan dukanci ke fita daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatu suka juya kudu, kuma Amurka na cikin manyan masu saye. Jar akuyar Maraɗi har cibiya gwamnati ta buɗe mata saboda darajar fatarta. Har gobe dillalan fata na tattara ƙiraga a ƙauyukanmu bayan babbar salla, su bi ta Maigatari zuwa masana'antun jima na Kano, daga can a tura Italiya da Sifen. Mun san fata. Majemanmu da bagaruwa suke aiki tun kaka da kakanni. Abin da ya rage mana shi ne mu yi amfani da wannan sani a gaban mai bosho.

Ga yadda. Ka shinshina: fata tana warin fata, leda tana warin roba. Ka nemi inda shafin ciki ya ɓarke, ko ka leƙa cikin aljihu ka ga bayan fatar. In ka ga laushi kamar cikin salka, fata ce, in ka ga saƙar zare, yadi ne aka shafa wa roba. Ka danna da yatsa, ta gaske tana tattarewa kamar fatar hannu. Ta akuya tana da ƙananan ƙuraje ba a jere ba, ba ta da nauyi, kuma tana jure ja. Ta tunkiya ta fi laushi da sheƙi, amma ƙaya ɗaya ta isa ta yaga ta. Ta leda kuwa, zafin watan Afrilu ɗaya zai sa ta fara saɓa a wuya da kafaɗa.

Sai batun awo, wanda shi ne ya tara mu. Mai faffaɗan ƙirji ya nemi yankan G-1, wato ya juya rigar ya duba ko akwai ninkin nan biyu a baya. In babu, kuma A-2 ce ta shiga ransa, to ya auna da kafaɗa da ƙirji, ya manta da ciki. Dalili shi ne tela na iya rage gefen riga ko ya canza saƙar ƙugu, amma babu telan da zai ƙara wa fata faɗin kafaɗa, kuma duk ramin da allura ta yi a fata ba ya rufewa. Kafin ka je kasuwa ka sa tela ya auna ƙirjinka da santimita. A wurin mai kaya ka shimfiɗa rigar, zip a rufe, ka auna daga hammata zuwa hammata ka ninka biyu. Ya kamata ta fi ƙirjinka da kamar santimita 8 zuwa 10, don ka sami wurin ƙaramar rigar sanyi a ciki. Kada ka dogara da lambar wuya: 42 ta Amurka ita ce wajen 52 ta Faransa, kuma harafin L na wani kamfani M ne a wajen wani.

In ka sa, kada ka tsaya ƙiƙam gaban madubi. Ka zauna a benci, ka miƙa hannu biyu gaba kamar ka riƙe kan moto, don haka wanda aka ɗinka wa ita yake zama. In baya ya ja ko hannun riga ya gudu ya bar wuyan hannu a waje, ajiye ta. Ɗinkin kafaɗa ya faɗa daidai ƙarshen ƙashi, saƙar ƙugu kuma ta zauna a kan bel. Samari da yawa na ƙin ta wai ta yi gajarta, alhali haka take tun 1931.

Akwai wata mai kauri da gashin tunkiya a ciki gaba ɗaya, B-3, wadda aka yi wa ma'aikatan manyan jiragen bom da ke tashi inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Mu namu darin, ko a tsakiyar Janairu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Tana da kyau a hoto, amma ƙarfe tara na safe za ka cire ta ka rasa inda za ka sa.

Abu na ƙarshe shi ne tambura. Da yawa daga cikin waɗannan riguna na zuwa da tuta, da fuka-fuki, da galan a kafaɗa. A halin tsaron da ake ciki, ga shingaye tsakaninmu da Jigawa, kuma sojan Najeriya ba sa wasa da farar hula mai kayan da suka yi kama da nasu, gara ka kai wa tela ya warware su a hankali da reza kafin ka hau hanyar Maigatari ranar Alhamis. In sanyi ya wuce kuma, a goge ƙura da ɗanyen tsumma, a shafa ɗan man kaɗe kaɗan, da sanin cewa zai ɗan duhunta launi, a rataye ta a inuwa inda iska ke shiga. Kada a cusa ta cikin leda a ƙasan akwati, don raɓar damina za ta sa ta yi fumfuna kafin kaka.