3.4 Koyar da Riƙon Kafaɗa a Kokawar Ƙasar Kabi

Kokawa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kabi. Tarihin baka ya nuna cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular a farkon ƙarni na 16 ya kuma gina Surame, ya fara yin suna ne a fagen kokawa da dambe kafin ya zama sarki. Ko da ba a iya tabbatar da wannan labari ba, yawan maimaita shi yana nuna irin matsayin da Kabawa suka ba wannan wasa. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Kabi a shekarar 1805, gidan sarautar ya yi ƙaura har ya zauna a Argungu, kuma al'adar ta bi jama'arta.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne ƙa'idar wasan. A kokawar gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa, wasa ya ƙare. Ba a bin sa a danne, ba a kuma murɗe masa hannu har ya ce ya sallama. Wannan ya bambanta ta da judo da dangoginsa, inda ake kulle kafaɗar abokin karawa a ƙasa, kamar yadda Masahiko Kimura na Japan ya yi wa Helio Gracie a Barazil a 1951, har ya ji masa rauni a hannu, aka kuma raɗa wa wannan riƙo sunan Kimura. A wurin ɗan kokawar Kabi, kafaɗa hanya ce kawai. Ƙafa ake nufi.

Saboda haka koyarwar takan fara daga tsayuwa. Yaro yakan samu gwanintar tsayuwa tun daga wasan langa, inda yake tsalle da ƙafa ɗaya ana ture shi. Idan ya tasa, sai wani babba, galibi yayansa ko kawunsa da ya taɓa shiga fage, ya nuna masa yadda ake sunkuyawa, a zura hannu ƙarƙashin hammatar abokin karawa, a kama bayan kafaɗarsa, a jingina kai a ƙirjinsa ko a gefen wuyansa. Wanda aka riƙe haka ba ya iya amfani da hannun yadda yake so. Sai dai mai koyo yakan yi kuskuren manne wa riƙon, yana ƙara matsawa har ƙarfinsa ya ƙare. A nan ne aikin mai koyarwa yake: ya saba wa yaro jin lokacin da nauyin abokinsa ya koma ƙafa ɗaya, domin a wannan ƙiftawar ido ce ake sakin kafaɗa a kai hannu cinya, ko a sa taɗiya. Ba da baki ake koyar da wannan ba, sai an sha kaye a kan rairayi. Kuma akan hana yara fizgar hannu ta baya, don kafaɗa tana saurin gocewa, wanda ya goce kuwa sai gidan maɗori, wataƙila ya rasa noman bana.

Lokacin wannan horo shi ne kaka, bayan an cire amfanin gona. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya ba 'yan kokawa babban fage, har da baƙi daga yankin Dosso na Nijar, ƙasar da ta kafa gasar takobi tun 1975. Ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, da hedikwata a Birnin Kabi, ya ƙara shigar da hukuma cikin shirya wasanni. Amma biki gwanaye yake nunawa, ba ya samar da su. Dandalin ƙauye ne makarantar, kuma samarin da ya kamata su koyar da ƙannensu a can sukan tafi ci-rani da zarar an gama girbi.