Daga RAV4 zuwa EV9: Yadda Magidanci Ya Samu Zaɓi a Jip Mai Lantarki

Magidancin da ya tashi sayen babbar jip mai lantarki a Amurka ko Turai a yau, wadda za ta kwashe shi da maiɗakinsa da yara biyar, zama yake yi ya jera sunaye: Kia EV9, Volvo EX90, Rivian R1S, Hyundai Ioniq 9. Sai ya bi su da tambayoyi. Wacce ta fi nisan zango? Wacce ta fi saurin caji? Babba zai iya zama a layin kujeru na uku? Kowace tambaya a cikin waɗannan tana da shekarar da aka haife ta, da matsalar da ta haife ta, kuma in muka koma baya za mu tarar da su ɗaya bayan ɗaya a kan hanya.

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce. Wajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya, kafin Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, sannan a 1912 Cadillac ta kawo sitata, aka huta da juya hannu a tayar da injin. Daga nan fetur ya ci kasuwa shekara kusan tamanin. Sai a 1990 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan kamfanoni sayar da motocin da ba sa fitar da hayaƙi. General Motors ta amsa da EV1 a 1996, 'yar mota mai kujera biyu da ake bayarwa haya, wadda daga baya kamfanin ya tattara ya murƙushe mafi yawansu. Toyota kuwa ta ɗauki RAV4 ta cire injin ta sa batir a 1997. Ita ce kakar jip ɗin lantarki ta yau. Kimanin 1,500 aka sayar ko aka bayar haya a Amurka, tana yin kilomita 150 ko kusa da haka a caji ɗaya, kuma ƙarama ce. A wancan zamani babu maganar zaɓi, wanda ya samu ma ya gode.

Dalilin da ya sa babbar mota ta makara yana cikin batir. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kilowat-awa tara. Batirin Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, kilowat-awa 24 ne, wato bai kai lita uku ba. Gaskiya ne injin lantarki ba ya ɓarnar makamashi kamar na fetur, amma duk da haka Leaf kilomita 117 kacal take yi a ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka. To ina ga mota mai tsayi da faɗi, wadda ke ture iska da ƙirjinta, ga mutum bakwai, ga kaya? Sai an ninka batirin sau uku ko huɗu. A 2010 kowane kilowat-awa ɗaya na batirin litiyam ya haura dala dubu, ke nan kuɗin batirin kaɗai ya isa sayen jip mai fetur sabuwa dal. Shi ya sa a shekarun nan ƙananan motoci ne suka yi tashe, mai iyali kuwa ya ci gaba da bin layin gidan mai.

Watan Satumba na 2015 ne al'amarin ya juya, lokacin da Tesla ta fara miƙa Model X ga masu saye. Kujeru bakwai, batir mai kilowat-awa 90, tafiyar kusan kilomita 400, da ƙofofin baya masu ɗagawa sama kamar fukafukai. Ƙofofin nan sun jawo 'yan kallo, sun kuma jawo wa kamfanin jinkiri da ciwon kai. Na farko-farko sun haura dala 130,000. Shekaru da dama ita ce zakaran da babu kishiya a Amurka da Turai, mai son kujeru bakwai ko ya saye ta ko ya haƙura. A Sin ne kaɗai aka samu wata murya, da NIO ta fara raba ES8 a 2018, da dabarar sauya batir ɗungurungum a tasha cikin 'yan mintuna maimakon jiran caji.

Tsoffin kamfanonin Turai sun farka tsakanin 2018 da 2019 da Jaguar I-Pace, Audi e-tron da Mercedes EQC. Dukkansu kujera biyar ne, kuma biyu na ƙarshen a kan ƙashin motar fetur aka gina su. A nan ne mai saye ya koyi darasinsa na farko a kwatance: girman batir ba shi ne nisan zango ba. Audi ta sa batir mai kilowat-awa 95, amma ma'aunin Amurka ya ba ta kilomita 330 ko ƙasa kaɗan, abin da Tesla ke wucewa da batir makamancinsa. Aka kuma gane cewa ma'aunan kansu ba ɗaya ba ne. Na Turai ya fi na Amurka sassauci, na Sin kuma ya fi su duka. Har yau abin bai canja ba: EV9 mai dogon zango kilomita 563 ce a takardar Turai, amma 489 a ta Amurka, alhali mota ɗaya ce. Sanyin hunturu da gudun babbar hanya kuma suna ƙara zaftare wani abu.

Babban sauyin da ya buɗe kasuwa a ƙarƙashin ƙafa ya faru. Da aka daina gyara tsohuwar gangar jiki aka koma ƙera mota tun daga tushe domin lantarki, sai aka shimfiɗa batir a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, aka ture tayoyin zuwa kusurwa. Daɓen ciki ya zama shimfiɗaɗɗe, babu tudun giya, babu tankin mai da ke matse masu zaman baya. Duk wanda ya taɓa naɗe ƙafa a kujerar ƙarshe ta Fijo 504 doguwa, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, ya san darajar wannan. Hyundai da Kia sun gabatar da nasu tsarin a ƙarshen 2020, suka kuma ɗauko wutar bolt 800 da Porsche ta fara da ita a Taycan a 2019, suka sauko da ita ga matsakaicin mai saye. Amfaninta shi ne wuta mai yawa ta wuce ba tare da waya ta yi zafi ba, don haka EV9 na tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 24 a wurin caji mai ƙarfi. A lokaci guda farashin batir ya yi ta sauka har kowane kilowat-awa ya kai wajen dala 139 a 2023. R1S da Mercedes EQS SUV suka shigo a 2022, EV9 ta biyo baya a 2023 da farashin da ya fara daga wajen dala 55,000, ta kuma ciri tuta a matsayin motar shekara ta duniya a 2024. A ganinmu daga nan ne kalmar zaɓi ta fara ma'ana.

Tare da yawan motoci sai rikicin filogi ya fito fili. Turai ta tsaya a kan nau'i ɗaya, Sin tana da nata, Amurka kuwa ta rabu tsakanin na Tesla da na sauran, har sai da Ford ta miƙa wuya ta karɓi na Tesla a watan Mayun 2023, General Motors ta bi ta a Yuni, sauran suka rufa musu baya. Wannan ya shafe mu ma, domin motocinmu na hannu daga Amurka da Turai suke zuwa, sababbi kuma daga Sin, kowacce da bakin cajinta. Wasu, irin EV9, suna iya ba gida wutar da ta haura kilowat uku, abin da mai fama da ɗauke wuta zai duba kafin ya duba launi.

Tambayoyin baya-bayan nan ba a takardar talla suke ba. Akwai nauyi: EV9 na kusan tan biyu da rabi, Cadillac Escalade IQ mai batir sama da kilowat-awa 200 ta haura tan huɗu, tayoyi ne kuma ke biyan bashin. Akwai manhaja: Volvo ta nuna EX90 a ƙarshen 2022, amma matsalar kwamfutar motar ta hana ta isa hannun masu saye sai 2024. Akwai kuɗin sake sayarwa, wanda ya faɗi bayan Tesla ta karya farashi a farkon 2023. Sannan akwai ran kamfanin kansa, tun da Fisker ta durƙushe a watan Yunin 2024 ta bar masu jip ɗinta suna neman kayan gyara.

Siyasa ma ta shiga tsakani. A 2024 Amurka ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarkin Sin, Tarayyar Turai ta ƙara nata, ke nan jerin da ke gaban magidanci ya danganta da ƙasar da yake zaune. A watan Agustan shekarar Ford ta soke shirin ƙera jip ɗinta ta lantarki mai layi uku, bisa hujjar cewa kuɗin batirin ba zai bar ta ta ci riba ba, kuma rangwamen harajin dala 7,500 da Amurka ke ba masu saye ya ƙare a watan Satumban 2025. A Sin kuwa, tun 2019 Li Auto ta bi wata hanya: jip mai kujeru shida ko bakwai da lantarki ke juya tayoyinta, da matsakaicin batir, da ɗan injin fetur wanda aikinsa kawai ya cika batirin in tafiya ta yi nisa. Iyalai da yawa a can ita suka zaɓa, kuma kamfanonin Amurka, har da Ford, sun fara shirin nasu.