Daga Wuri zuwa Sifili: Tarihin Ƙidayar Manyan Adadi a Ƙasar Hausa

Cikin watan Janairu na shekara ta 1851, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Kano. Daga cikin abubuwan da ya gani a garin ya kuma rubuta, akwai wani attajiri da ya zauna da mutum biyar ko shida suna ƙidayar wuri har 500.000. Babu alli, babu allo, babu takarda. Hannu da ido da natsuwa kawai suka yi aikin, kuma ba su tashi ba sai da suka ga ƙarshensa.

Wannan labari ya cancanci malamin makarantar boko ya tsaya a kansa. Rabin miliyan adadi ne da ake kai yaro gare shi bayan ya yi shekaru a kan benci, kuma da yawa daga cikin yara kan yi tuntuɓe wajen rubuta shi. Amma kakanninsu sun riƙa sarrafa irinsa a kasuwa tun kafin a kafa aji ɗaya na boko a ƙasar nan. Tambayar da ta dace ita ce: mene ne Bahaushe ya mallaka game da manyan adadi, me ya zo masa daga waje, kuma a ina ne biyun suke karo cikin kan yaro?

Zamanin wuri

Wuri ɗan ƙaramin ƙwanso ne na teku. Mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka riƙa kawo shi, ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso kasuwannin Katsina, Kano, Damagaram da Maraɗi. Kalmar nan kuɗi asalinta jam'in wuri ce, kuma har gobe idan ana son a nuna yawan dukiya akan ce wuri na gugar wuri. Da yake darajar ƙwaya ɗaya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ciniki kaɗan ya isa ya kai mutum ga dubbai. A zamanin Barth, dala guda ta azurfa tana daidai da wuri 2.500 a Kano.

Larura ce ta haifar da tsari. Mai ƙidaya yakan jawo wuri biyar-biyar da yatsunsa. Biyar huɗu su ba shi hauya, watau ashirin. Hauya goma su ba shi tsibi na ɗari biyu. Tsibi biyar su cika dubu. Dubu ashirin kuwa akan zuba su cikin jakar tabarma da ake kira keso. Ke nan aikin da aka yi a Tasawa keso 25 ne, kuma sai da hannuwan masu ƙidayar suka jawo biyar-biyar sau 100.000. Wanda ya dubi wannan hanya da idon basira zai ga cewa ita ce ginshiƙin darasin da ake koyarwa a aji: a tara ƙanana su zama dunƙule guda, a ba dunƙulen suna, a ci gaba da ƙidaya da shi.

Harshen ma ya tanadi kalmomin aikin. Kafin kalmomin Larabci su yi rinjaye, ana cewa gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara, kuma ana jin wasunsu har yanzu a bakin dattawa. Akwai zangu, watau ɗari na wuri, akwai dubu, akwai zambar da ke nufin dubbai, kamar a ce zambar goma ko zambar ɗari. Fatake da malamai suka ƙaro ashirin, talatin, arba'in da sauransu, tare da minya, metan, arbaminya, hamsaminya, alif da alfiyan. A bakin ƴan kasuwar da, talata na nufin dubu uku, hamsa kuwa dubu biyar. Harshen da ya ajiye suna na musamman ga 400 da 2.000 harshe ne na mutanen da suka saba da babban ciniki.

Daga tsakiyar ƙarni na 19, ƴan kasuwar Turai suka soma jibgo wani nau'in wuri daga gaɓar Zanzibar. Kuɗi ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, adadin da ake ƙidayawa ya daɗa hauhawa, har ɗaukar kuɗin kansa ya zama wahala ga matafiyi.

Hisabin malamai

A gefe guda kuma akwai lissafin zaure. Malaman Musulunci suna buƙatar hisabi domin rabon gado, inda ake fitar da rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni, da kuma domin zakka, inda nisabin raƙuma yake biyar, na shanu talatin, na awaki da tumaki arba'in. Sun kuma yi amfani da haruffa a matsayin lambobi: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, ya goma, ƙaf ɗari. Da wannan hanya ce marubuta waƙoƙin ajami kan saka ramzi a ƙarshen waƙa domin su nuna shekarar da aka yi ta. Ilimin ya yi zurfi har ƙasar ta fitar da mutum irin Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a shekara ta 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Sai dai ƙidayar haruffa tana da iyakarta. Harafin ƙaf ɗari ne ko'ina aka ajiye shi, a farko ko a ƙarshe. Darajarsa a jikinsa take, wurin zamansa bai ƙara masa kome ba.

Hanyar da sifili ya biyo

Dabarar da ta sauya lissafin duniya ita ce a bar gurbi ya yanke darajar lamba. Cikin 505, biyar ta farko ɗari biyar ce, ta ƙarshe biyar ce tak, kuma abin da ya raba su shi ne wurin da kowace ta zauna. Mutanen Babila sun yi irin wannan tsari bisa sittin-sittin, abin da ya bar wa duniya minti sittin cikin sa'a. Amma tsarin goma-goma mai alamomi tara da sifili a Indiya ya cika. Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili a shekara ta 628. Wajen shekara ta 825, Alkawarizmi ya bayyana lissafin Indiyawa a Bagadaza da harshen Larabci. Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, ya koye shi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya kuma yaɗa shi a Turai da littafinsa na 1202.

Kalmar Larabci sifr, mai ma'anar wofi, ita ce ta ba Hausa sifili, ita ce kuma ta ba Faransanci kalmominsa biyu, zéro da chiffre. Saboda haka lambobin da malamin lakwal ya rubuta a allo ba kayan Faransa ba ne tun asali. Sun fito daga Indiya, sun bi ta hannun Larabawa, kuma malaman ƙasar Hausa sun san su cikin littattafan hisabi. Abin da boko ya yi shi ne fitar da su daga zaure zuwa hannun kowane yaro da aka rubuta a makaranta.

Dala da tamma

Faransawa sun kama Damagaram a shekara ta 1899, kuma sannu a hankali suka tilasta biyan haraji da kuɗinsu. Jama'a sun riga sun san dala ta azurfa mai hoton Mariya Tereza, wadda ke ɗauke da shekara ta 1780. Da suka ga babban tsabar Faransa na tamma biyar ya yi kama da ita, sai suka ba shi sunanta. Daga nan dala ta zama tamma biyar, kuma ko da aka ƙirƙiro kuɗin sefa ranar 26 ga Disamba 1945, sunan bai gushe ba.

A nan ne matsalar yaron Nijar ta samo tushe. A kasuwa, dala biyar ita ce abin da aka rubuta 25 a jikinsa. Ashirin ita ce 100. Ɗari ita ce 500. Idan aka kai dala ɗari biyu, sai a ce jikka guda, watau 1.000, daga nan kuma ƙidayar baki ta koma daidai da ta takarda: jikka biyar 5.000, jikka goma 10.000. Yarinyar da ke yi wa uwarta tallar ƙuli-ƙuli tana ninkawa da biyar, tana rabawa da biyar, sau da yawa a yini, ba tare da ta san sunan abin da take yi ba. Amma ranar da malami ya ce ta rubuta ɗari, akwai ɗari biyu cikin kanta, ta kasuwa da ta aji. In malamin bai san da wannan ba, sai ya ɗauka daƙiƙanci ne. Yau da ake aika kuɗi ta wayar salula, kuskuren ya wuce na maki a jarrabawa, domin baki na faɗin dala, waya kuwa tamma take karɓa.

Faransanci ya ƙara wa yaron wani nauyi. Bahaushe na cewa casa'in da bakwai, gomomi a gaba, ɗaiɗai a baya, daidai da yadda ake rubutawa. Faransanci na cewa quatre-vingt-dix-sept, watau ashirin huɗu da goma da bakwai, kuma ba abin mamaki ba ne ɗan aji ya soma da rubuta 4. Hausa ma tana da nata tarko. Dubu ashirin da biyar na iya zama 25.000, na iya kuma zama 20.005, shi ya sa mai hattara kan ce dubu ashirin da guda biyar idan na biyun yake nufi. Rubutu da sifili ne kaɗai ke kashe gardamar.

Darajar sifili na fitowa sarai cikin alƙaluman ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 2001 ta ba da mutum 11.060.291. Idan yaro ya tsallake sifilin da ke bin 11, abin da zai rage shi ne 1.160.291, kusan mutum miliyan goma sun ɓace saboda alama ɗaya da yake gani kamar ba ta da amfani.

Dunƙule adadi

Darasi na uku shi ne dunƙule adadi, watau a kusantar da shi ga goma, ɗari, dubu ko miliyan mafi kusa. Ƙa'idar aji a bayyane take: a dubi lambar da ke dama da gurbin da ake so a tsaya; in ta kai biyar a ƙara ɗaya, in ba ta kai ba a bar shi yadda yake. Ƙidayar 2012 ta ba da mutum 17.138.707. A gurbin dubu ya zama 17.139.000, a gurbin miliyan kuwa 17.000.000.

Wannan tunani ma yana cikin harshe tun da daɗewa. Mai cewa ashirin ba biyu maimakon goma sha takwas, ko ɗari gaira ɗaya maimakon casa'in da tara, ya riga ya hango dunƙulen da ke kusa, ya auna tazarar da ta rage. Kasuwa ma tana dunƙulewa kullum, tun da tamma ɗaya ta ɓace daga hannun jama'a, farashi kuma sai ya faɗa kan abin da akwai canjinsa. Bambancin shi ne, a kasuwa dunƙulewa na da mai riba da mai hasara, kuma sau da yawa gyara ce ke daidaita zukata. A aji kuwa ƙa'ida ba ta kallon fuskar kowa. Ya kamata yaro ya san duka biyun, ya kuma san cewa ɗan abin da aka zubar na girma idan aka ninka shi. Tun 1999 yuro guda yake daidai da tamma 655,957. Wanda ya ce 656 bai yi laifi ba idan yuro goma ne, amma a kan yuro miliyan guda, bambancin ya kai tamma 43.000.

Wannan adadi na ƙarshe ya tono wani rikicin kan iyaka. A Maraɗi, waƙafin da ke cikin 655,957 na raba cikakken adadi da guntayensa, bisa al'adar Faransa. A Katsina, bisa al'adar Ingila, waƙafi dubbai yake rabawa, sai a karanta shi dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ƴan kai. Haka kuma miliyan dubu, wanda ake kira miliyar a Nijar, shi ne biliyan a gidajen rediyon Najeriya, alhali billion na Faransanci miliyan miliyan ne. Mai sauraron labarai daga ɓangarorin biyu na buƙatar wanda zai warware masa wannan.

Abin da ya rage ga malamai

Nijar ta soma gwajin koyarwa da harsunan gida a shekara ta 1973, da makarantar Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, aka kuma tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999. Makarantun gwajin ba su yawaita ba, amma sun nuna cewa ana iya tarawa da ɗebewa da rabawa da Hausa. Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Nauyin da wannan ya ɗora a kan masu koyarwa da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne su daidaita kalmomin lissafi, musamman sunayen gurabe da na manyan adadi, domin littafin Tawa ya yi magana ɗaya da na Damagaram.

Cikin aji kuwa, hanyar ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Ƙwayoyin gujiya ko tsakuwa sun isa a sa yara su yi tsibi kamar yadda aka yi a Tasawa, sa'an nan a koma da tsibin zuwa goma-goma, a zana gurabe a ƙasa, a bar gurbin da babu kome a ciki ya nemi alamarsa da kansa. A rubuta farashin kasuwa cikin layi biyu, dala a hagu, tamma a dama, a bar yaran da ke talla su jagoranci sauran. A kuma gaya musu cewa a Tasawa an taɓa ƙidaya wuri 500.000 da hannu, sa'an nan a ce su rubuta adadin, su faɗi aikin kowane sifili daga cikin biyar ɗin.