Dashen gashi: Yadda ake yi wa sanƙo tiyata

Dashen gashi tiyata ce da likita ke ciro saiwoyin gashi daga inda suke da yawa a kan mutum, galibi ƙeya da gefen kai, ya dasa su a wurin da sanƙo ya cinye. Ba a ƙirƙirar sabon gashi, ba a kuma aro na wani. Abin da mutum yake da shi ne ake sake rabawa.

Dalilin da ya sa dashen ke kamawa

Sanƙon gado yana da nasaba da sinadarin DHT, wanda jiki ke samarwa daga sinadarin maza na testosteron. Ga wanda ya gaji matsalar, sinadarin yana tsuke saiwoyin goshi da tsakar kai har gashin ya sirance, daga bisani ya daina fitowa. Saiwoyin ƙeya kuwa ba su cika jin tasirinsa ba, kuma suna riƙe wannan hali ko an sauya musu wuri.

Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana dabarar dashen a 1939. Bayan shekara 20, a 1959, Norman Orentreich na birnin New York ya wallafa binciken da ya tabbatar da cewa gashin da aka dasa yana bin halin inda aka ciro shi. A kan wannan ne aka gina aikin har yau.

Hanyoyin aikin

Gashi yana tsirowa ne a ƙananan rukunoni, kowanne da sili ɗaya zuwa huɗu. A hanyar FUT, ana yanko siririyar fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, sannan a rarraba rukunonin ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tana barin dogon tabo guda. A hanyar FUE, wadda likitocin Amurka William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana a 2002, ana zaro rukunonin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin ƙarfe, sai a bar ɗige-ɗigen tabo da ba su cika fitowa ba.

Ana yin aikin da allurar kashe zafi, mutum yana farke, kuma yakan ɗauki awa huɗu zuwa takwas. Cikin 'yan makonni gashin da aka dasa yakan zube, abin da ke tayar wa mutane da yawa hankali, alhali saiwar tana nan. Sabon tsiro yana farawa bayan wata uku zuwa huɗu, cikakken sakamako kuma sai bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Abin lura ga baƙar fata

Gashin baƙar fata yana lanƙwasa tun daga ƙarƙashin fata, don haka likitan da bai saba da shi ba yana iya datse saiwar wajen zarowa. Sai dai nannaɗewarsa tana sa kai ya yi kamar ya cika ko da saiwoyin ba su da yawa. Wanda tabonsa ke kumbura ya yi tudu bayan rauni ko aski, wajibi ne ya shaida wa likita tun farko.

Ba kowace zubar gashi ke buƙatar tiyata ba. Makero, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, haihuwa da cutar maƙoƙo duk suna zubar da gashi, kuma magance su ake yi. Matan da kitso mai tsauri ya cinye musu goshi sukan farfaɗo idan aka sassauta da wuri.

Iyakar tiyatar

Saiwoyin ƙeya ƙididdigaggu ne, wadda aka cire ba ta sake tsirowa a wurin. Tiyatar kuma ba ta tsayar da sanƙo: tsohon gashin da ke kewaye da dashen zai iya ci gaba da zuba. Shi ya sa likitoci kan jinkirta yi wa matashi, su kuma rubuta magunguna irin su minoxidil da finasteride, wanda aka hana mai juna biyu amfani da shi.

Birnin Istanbul na Turkiyya ya zama cibiyar wannan aiki saboda sauƙin farashi. Amma ƙungiyoyin likitoci sun sha gargaɗi kan wuraren da ma'aikata marasa lasisi ke yin tiyatar. Idan aka kwashe ƙeya fiye da kima, gyaran yana da matuƙar wuya.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta sanya dashen gashi bayan zubewarsa cikin tiyatar gyara da ta halatta.

Kafin mutum ya biya kuɗi ko ya sayi tikitin jirgi, ya kamata likitan fata ya tantance musabbabin zubar gashin, ya kuma san sunan likitan da zai riƙe wuƙar da irin kawunan da ya taɓa yi wa aiki.