Rigimar Ƙarin Albashi da Haɗamar Masu Mulki a Nijeriya, 1945 zuwa 1983

Gabatarwa

Duk lokacin da tattalin arzikin ƙasar nan ya shiga mawuyacin hali, akan ji masu mulki suna roƙon ma'aikata da su yi haƙuri, su daina neman ƙari, wai baitulmali ba kuɗi. Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba tarihin wannan jayayya, musamman a zamanin Jamhuriya ta Biyu, don a ga dalilin da ya sa roƙon bai cika shiga kunnen ma'aikata ba. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ma'aikaci ba da farashin kasuwa kaɗai yake auna albashinsa ba, har ma da irin rayuwar da ya ga shugabanninsa suna yi da dukiyar jama'a.

Batun ya shafi Tudun Wadan Zariya ƙwarai. Unguwa ce da ta tashi a zamanin Turawa tsakanin Birni da Sabon Gari, kuma 'yan albashi suka raya ta: ma'aikatan asibiti, da na Kamfanin Gaskiya, da na makarantar Kongo, da malaman makarantu. A irin wannan wuri, in albashi ya yi jinkiri, mai gidan haya da mai nama da mai sayar da hatsi a mudu duk sai sun ji a jikinsu.

Tushen al'amarin: 1945 da 1964

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsadar kaya mai tsanani, albashi kuwa bai motsa yadda ya kamata ba. A 1945 ƙungiyoyin ma'aikata suka nemi a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin rage raɗaɗin tsadar rayuwa, a kuma sa ladan lebura ya zama aƙalla sule biyu da sisi a yini. Gwamnatin Gwamna Richards ta ƙi, bisa hujjar cewa ƙarin kuɗi tsada zai ƙara. A ƙarshen watan Yuni aka shiga yajin aiki na kwana 44, ma'aikatan jirgin ƙasa na gaba, Michael Imoudu na ja musu gora. Zariya kuwa mahaɗar layukan dogo ce, ta nan ake bi zuwa Kano da Ƙauran Namoda da Jos, saboda haka ba ta tsira ba. Abin lura a nan shi ne, a daidai lokacin da ake ce wa baƙar fata ya yi haƙuri, Turawan da ke aikin gwamnati suna karɓar alawus iri-iri. Daga baya, a 1946, hukumar Tudor Davies ta ba ma'aikata gaskiya a kan ƙarin.

Da aka sami mulkin kai, sai 'yan ƙasa suka gaji kujerun Turawa tare da gidajensu da alawus ɗinsu na mota. Hukumar Morgan, wadda aka kafa a 1963, ta ba da shawarar mafi ƙarancin albashi ya zama fam 12 a wata a Legas. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi jinkirin fitar da rahoton, sannan ta yi tayin abin da bai kai haka ba. A ranar 1 ga Yuni 1964 aka tsunduma yajin gama-gari na kusan mako biyu. Babban abin da ya haɗa kan ƙungiyoyin da ba sa ga-maciji da juna a lokacin shi ne tazarar da ke tsakanin masinja da minista.

Udoji da abin da ya biyo baya

Ƙarin Udoji ya sha bamban, domin a lokacin wadata ya zo. An kafa hukumar Jerome Udoji a 1972, ta miƙa rahoto a 1974, bayan farashin man fetur ya ninka har sau huɗu a kasuwar duniya. Ainihin aikin hukumar shi ne gyara tsarin aikin gwamnati, amma ɓangaren kuɗin kaɗai aka ɗauka da gaggawa. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 60 a wata, aka kuma mai da biyan baya zuwa Afrilu 1974, wato ma'aikata suka karɓi ariyas na wata tara a farkon 1975. Aka ruga sayen rediyo da babur da keke, 'yan kasuwa su ma suka yi wa kayansu nasu Udojin. A shekarar, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari.

A nan dole a faɗi gaskiya, masu sukar ƙarin albashi suna da hujja. 'Yan albashi tsiraru ne a ƙasa. Manomin Giwa ko na Soba bai sami ko kwabo daga Udoji ba, amma ya sayi gishiri da kananzir da atamfa a sabon farashi, samari kuma suka ajiye fartanya suka nufi birane. Sai dai kuma a wannan shekara ce aka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, ɗaruruwan jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas ana biyansu kuɗin jira. Wannan ba aikin masinja ba ne, kuma ba aikin malamin firamare ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Jamhuriya ta Biyu: 1979 zuwa 1983

Wannan shi ne zamanin da ya fi dacewa da batunmu, domin a cikinsa abubuwan uku suka haɗu: neman ƙari, da karyewar tattalin arziki, da haɗama a fili.

Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, mai yana tsada, baitulmali yana cika. Majalisar Ƙasa tana da sanatoci 95 da wakilai 449. Cikin al'amuran farko da suka ɗauke hankalin 'yan majalisar akwai batun albashinsu da alawus da masauki. Sun yi ja-in-ja da Shugaban Ƙasa a kan wanda ke da ikon yanka musu albashi, suka kuma tare a rukunin gidajen nan na 1004 a Legas, waɗanda aka gina domin ma'aikatan gwamnati. Duk wannan a idon ma'aikata aka yi shi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1978 a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta fito da jerin buƙatunta a 1980, ciki har da mafi ƙarancin albashi na Naira 300 a wata, da maido da rancen sayen mota. Gwamnati ta tsaya a Naira 100. Ranar 11 ga Mayu 1981 aka shiga yajin gama-gari na kwana biyu, daga bisani aka yi dokar da ta tsai da Naira 125. Malaman jami'o'i su ma sun yi nasu yajin a wannan tsakani, hukumar Cookey ta 1981 ta ware musu tsarin albashi na daban. Ba da jimawa ba shugabancin ƙungiyarsu ya zo hannun Dokta Mahmud Tukur na Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Kafin tawadar dokar Naira 125 ta bushe, kasuwar mai ta juya baya. A farkon 1981 ƙasar nan tana haƙo ganga fiye da miliyan 2 a kullum, amma zuwa watan Agusta abin bai kai miliyan ɗaya ba. Gangar da ake sayarwa dala 40 ta dawo dala 30 a 1983. A tsakiyar 1981 Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaban Ƙasa yana gargaɗin cewa tattalin arziki ya kama hanyar rushewa, jami'an gwamnati suka ƙaryata shi. A Afrilu 1982 gwamnatin da kanta ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, ta taƙaita shigo da kaya daga waje.

To, a wuyan wa nauyin ya faɗa? Masana'antu sun rasa kayan aiki, suka shiga sallamar ma'aikata. Jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa biyan albashi, malaman firamare a wurare da yawa suka yi watanni ba a ba su komai ba. Shinkafa da madara da sabulu suka koma kayan da sai an yi layi. A ɗaya gefen kuma, lasisin shigo da kaya ya zama ganimar 'yan jam'iyya, ana ba wanda ba shi da ko shago ya sayar wa mai masana'anta. Batun kwamitin shinkafa, wanda Ministan Sufuri Umaru Dikko ya shugabanta, ya cika jaridu da zarge-zarge. Gobara ta cinye ginin Ma'aikatar Harkokin Waje a 1981 da dogon ginin kamfanin sadarwa na NET a 1983, jama'a kuwa suka ɗauka cewa takardun bincike ake son ɓatarwa. A cikin wannan hali aka zuba kuɗi a zaɓen 1983.

Saboda haka lokacin da sojoji suka ƙwace mulki ranar 31 ga Disamba 1983, bashin albashin ma'aikata na cikin hujjojin da suka kafa, kuma ba a ga wanda ya fito kare gwamnatin farar hula ba. Amma murnar ma'aikata ba ta daɗe ba, domin gwamnatin Janar Buhari ta rage dubban ma'aikata, ta kuma daskarar da albashi. Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, daga 1986, ya karya darajar Naira, har Naira 125 ɗin da aka yi yaji dominta ta zama ba ta sayen buhun hatsi.

Kammalawa

Abubuwa uku ne za a iya tsinta daga wannan bayani. Na farko, ƙarin albashi bin bayan tsada yake yi, kuma kasuwa takan lashe shi cikin ɗan lokaci in ba a ƙara noma da sarrafa kaya ba. Na biyu, abin da ya jefa ƙasar cikin matsi a 1981 dogaro ne ga mai shi kaɗai da kuma ɓarnar da aka yi lokacin da ake da shi. Albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai ya yi wannan aika-aika ba. Na uku, roƙon haƙuri ba ya tasiri sai mai roƙon ya fara rage nasa rabon. Wanda ya tsame hannunsa daga akushi ne yake da bakin cewa tuwo ya ƙare.

Tarihin bai tsaya a 1983 ba. Malaman jami'o'i sun yi yajin wata takwas a 2022. A 2023 aka janye tallafin man fetur, a shekarar kuma aka saya wa 'yan Majalisar Ƙasa manyan motoci na alfarma, sannan a 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 bayan wani yajin. Tambayar da nake bar wa wannan zama ita ce ta manomi da ɗan tireda da mai sana'ar hannu, waɗanda ba su da ƙungiyar da za ta yi yaji dominsu, ba su kuma da kujera a majalisa. Har yanzu masana tarihinmu ba su ba labarinsu a wannan rigima haƙƙinsa ba, kuma kasuwar Tudun Wada wuri ne da ya dace a fara binciken.