Daga Filin Fareti zuwa Filin Makaranta: Tarihin Tsara Darasin Motsa Jiki

Malamin da ya zauna yau domin ya tsara darasin motsa jiki ga ɗaliban aji huɗu zuwa shida na firamare yakan raba lokacinsa gida uku: ɗumama jiki, babban aiki, sannan hucewa. Wannan tsari ya zama jiki har ana ganin kamar haka aka same shi tun fil azal. Alhali kuwa yana da tarihi na kusan shekara ɗari biyu, kuma tarihin nasa gardama ce a kan tambaya guda: a cikin darasi, wa ke yanke shawarar abin da jikin yaro zai yi?

Tushen abin yana ƙasar Suwidin. A 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar horar da malaman motsa jiki a birnin Sitokholm, bisa aƙidar cewa kowane motsi yana da gaɓar da yake ginawa, don haka ba a yin sa da ka. Ɗansa Hjalmar Ling shi ne ya daidaita tsarin domin makarantu. Ya jera motsin kowace rana a jadawali: a fara da mai sauƙi, a bi ta baya da ciki da haƙarƙari, a kai ƙololuwa da tsalle, a rufe da jan numfashi a natse. A nan rubutaccen shirin darasi ya samo siffarsa. Sai dai komai da umarni ake yi. Malami ya ba da murya, yara su motsa lokaci guda kamar mutum ɗaya.

A Ingila kuwa, makarantun 'ya'yan talakawa da fareti suka fara. Daga 1871 doka ta yarda a ƙirga atisayen soja cikin lokacin karatu, kuma sau da yawa tsofaffin sajan-sajan ne ke koyar da yara maza. Tsarin Suwidin ya shigo ta hannun mata: a 1881 hukumar makarantun Landan ta ɗauki Martina Bergman-Österberg aiki, ta horar da malamai mata masu yawa, daga baya ta buɗe kwalejinta a 1885.

Yaƙin da Birtaniya ta gwabza da Buwa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, ya tayar da hankalin hukuma, domin an mayar da ɗimbin masu neman shiga soja gida saboda rashin ƙoshin lafiya. Amsar farko ita ce manhajar 1902, wadda aka shirya da sa hannun ma'aikatar yaƙi, cike da sahu da juyi da maci. Malamai suka ƙi ta, suna cewa yaro ɗan shekara goma ba kurtu ba ne. A 1904 aka maye gurbinta da wadda ta fi karkata ga tsarin Suwidin, kuma daga 1909 likitocin hukumar ilimi suka karɓi ragamar. Manhajar 1919 ta buɗe wa wasa ƙofa. Ta 1933 ta ƙara faɗaɗa ta: aka shigo da ƙwallo da igiyar tsalle, aka kuma fara raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da aikinsa, ana zagayawa.

Wannan manhaja ta 1933 ita ce ta daɗe tana aiki a makarantun Najeriya a zamanin mulkin mallaka. Tare da ita aka gaji al'adar maci da tsere na Ranar Daular Birtaniya, wadda a wancan lokacin ake yi kowace 24 ga Mayu. Shi ya sa har gobe, a tunanin mutane da dama, motsa jiki a makaranta na nufin ɗayan abu biyu: fareti, ko gasar shekara-shekara inda tsirarun gwanaye ke gudu sauran suna tafi. Wasannin da yaran ƙasar Hausa suka tashi da su, irin su langa da kokawa, sun tsaya a dandali da fage, ba su samu gurbi sosai a jadawalin malami ba, duk da cewa langa kaɗai tana koyar da daidaiton jiki da ƙarfin ƙafa da dabara ba tare da an sayi ko allura ba.

Babban sauyi ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1952 da 1953 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta fitar da littattafai biyu domin firamare, Moving and Growing da Planning the Programme, waɗanda suka ajiye tsohon jadawali gefe. Maimakon malami ya ce a ɗaga hannu a sauke, sai ya ba da matsala: ku nemo hanya uku ta ƙetare wannan benci ba tare da tafin ƙafa ya taɓa shi ba. A 1982 David Bunker da Rod Thorpe na Jami'ar Loughborough suka kai tunanin ga wasannin ƙwallo. Sun lura cewa yara na shafe darasi suna maimaita bugu da cafewa, amma in an shiga wasa ba su san inda za su tsaya ba. Shawararsu ita ce a fara da ƙaramin wasa, uku da uku a ɗan fili, sai a koyar da dabarar lokacin da yaran suka ji buƙatarta.

Kowane zamani ya bar abin da ya cancanci a riƙe. Daga Suwidin an samu jeri, wato jiki ba ya son a afka masa da aiki mai nauyi. Daga 1933 an samu rukuni, maganin aji mai yara da yawa da ƙwallo ɗaya. Daga 1952 an samu amincewa da hankalin yaro, abin da ya fi dacewa da 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, domin sun kai matsayin fahimtar doka da dabara da aikin haɗin gwiwa, kuma a shekarun nan ne da yawansu, musamman 'yan mata, kan yanke hukuncin ko wasa nasu ne ko na wasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro ya samu motsa jiki na kimanin minti 60 kowace rana. Darasi ɗaya ba zai cika wannan ba, amma yana iya ɓata rabonsa. Idan yara hamsin suka tsaya a layi ɗaya suna jiran kowa ya buga ƙwallo sau ɗaya, an koma sahun 1902, sai dai babu ko macin. Saboda haka ma'aunin shirin darasi shi ne malami ya ɗauki yaron da ya fi kowa rauni a ajin, ya bi takardarsa layi-layi, ya ƙirga minti nawa yaron zai yi yana motsi, kuma sau nawa za a bar shi ya yi tunani da kansa.